KIWON LAFIYA: Mai ciwon zuciya tsakanin tabarma da gona

Filinmu na wanga wata zai yi magana bisa ciwon zuciya, musamman abin da ke biyo baya ranar da marar lafiya ya komo gida daga asibiti.

Kun san yadda abin ke faruwa a garuruwanmu na Arewa, daga Ɗan Kassari har Matankari da Tibiri. Magidanci ya ji ƙirjinshi ya ɗaure kamar an aza mishi dutsi, zufa na karyo mishi. A kai shi likita, majo ya tura shi Dogon Dutsi, daga can a wuce da shi Doso ko Yamai. In da sauran kwana, sai ya komo da ledar magani. Daga nan gida ya kasu biyu. Uwargida da ɗiya su shimfiɗa mishi tabarma cikin inuwa, su ce ko buta kada ya ɗauka. Shi kuwa, da ya ga hadari ya taso gabas, sai ya saɓi hauya ya ce ai ya warke. Tabarmar nan tana kashewa sannu sannu, gonar nan tana iya kashewa farat ɗaya. Akwai hanya tsakaninsu, ita ce za mu nuna muku.

Wane irin ciwon zuciya?

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Aikinta tura jini ko'ina cikin jiki, dare da rana. Ita ma tana bukatar abinci, kuma akwai wasu ƙananan jijiyoyi da ke kewaye da ita suna kai mata jini. Masu lambun Dutsi sun san abin da ke faruwa in laka ta taru cikin tiyo: ruwa ya rage, shuka ta yi yaushi. Haka maiƙo ke taruwa cikin jijiyoyin nan shekara da shekaru. In hanya ta ƙuntata, mutum na jin nauyin ƙirji in ya yi aiki, ya lafa in ya huta. In ta toshe gaba ɗaya, wani sashe na zuciya ya mutu. Shi ne ake ce ma bugun zuciya.

Hawan jini, wanda muke ce ma tansiyo, da ciwon sukari, da shan taba, da ƙiba, da tsufa, da gado, su ne ke buɗe mishi ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019. A ƙasarmu ma, binciken da aka yi a 2007 da 2021 ya nuna fiye da mutum ɗaya cikin manya biyar na da hawan jini. Kada wani ya ce ciwon 'yan birni ne.

Amma a lura. Ba duk ciwon zuciya ba ne wanga. Akwai na mai jego wadda ƙafafunta ke kumbura, numfashi na yi mata wuya, wanda likitocin Zariya suka yi bincike kanshi a shekarun 1970, na Yamai kuma a shekarun 1980. Akwai na yara da samari da ke lalata ƙofofin zuciya bayan ciwon maƙogwaro. Waɗannan maganarsu dabam ce. Lokotoro kaɗai ke iya bambancewa.

Abin da kwanciya ke yi ma jiki

Iyalin da ke hana marar lafiya motsi, ƙauna ce ta sa su. Likitocin Turai ma haka suka yi da can. A shekarun 1930 da 1940, wanda zuciyarshi ta buga, sati shida ake kwantar da shi bisa gado, har abinci a baki ake ba shi. Da yawa suka mutu da gudan jini da ya daskare cikin ƙafa ya tafi huhu. A 1952 wasu likitoci biyu na birnin Boston a Amurka, Samuel Levine da Bernard Lown, suka bayyana cewa marasa lafiyar da suka zaunar bisa kujera tun kwanakin farko sun fi samun sauƙi. Daga nan tunani ya fara sakewa.

A 1966, a birnin Dallas, aka kwantar da samari biyar lafiyayyu, 'yan shekara 20, sati uku cur ba tashi. Da suka tashi, juriyarsu ta aiki ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30, a 1996, aka sake auna mutanen nan. Sai aka tarar kwanciyar sati uku ta fi raunana su bisa tsufan shekara talatin. To in haka ta yi ma saurayi, ina ga dattijo mai shekara sittin?

Kowa ya san hauyar da aka jingine tsatsa ke cin ta. Dattijon da aka zaunar wata shida, cinyoyinshi sun zube. Ran nan sai a ga ba ya iya tashi daga tabarma sai jika ya kama shi, ba ya iya tsuguno a bayan gida, salla ma sai a zaune. Zuciyar da ake tattali kuwa ba ta huta ba, don jiki marar ƙarfi ya fi wahalar da ita.

Yadda ƙarfin tsoka ke sauƙaƙa ma zuciya

Ku ɗauki jakuna biyu, ɗaya ƙosasshe, ɗaya ramamme. A aza ma kowane buhu guda. Ramammen zai yi ta haki, ƙosasshen ya tafi abinshi. Kayan ɗaya ne, ƙarfin ne ya bambanta. Haka jikin mutum yake. Wanda iyakar ƙarfin hannunshi kilo 10 ne, in ya ɗauki tiya huɗu ta hatsi ya kai ƙarshen ƙarfinshi, zuciya ta yi ta dukan sauri, tansiyo ya hau. Wanda ke iya ɗaga kilo 20, tiya huɗun nan rabin ƙarfinshi ce, zuciyarshi ba ta damu ba. Kowane aikin gida na zama da sauƙi ga zuciya in tsoka ta yi ƙarfi. Bayan haka tsoka ita ce ta fi cin sukarin da ke cikin jini, shi ya sa mai ciwon sukari ma ke amfana.

Da farko likitoci tafiya da tuƙa keke kawai suke yardar ma mai ciwon zuciya, suna tsoron ɗaga nauyi. A 1986 aka bayyana wani gwaji da aka yi a birnin Baltimore: masu ciwon zuciya sun yi sati 10 suna ɗaga nauyi madaidaici, ƙarfinsu ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ba wanda wata ɓarna ta sama. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta amince da wanga horo a shekarar 2000, ta sake jaddadawa a 2007 da 2023. A 2021 masana suka tattara gwaje-gwaje 85 da suka shafi mutum fiye da 23,000 masu toshewar jijiyar zuciya. Waɗanda suka bi tsarin motsa jiki sun fi tsira daga sabon bugu, kuma ba su yawan komawa gadon asibiti kamar sauran.

A ƙasashe masu hali akwai ɗakuna na musamman inda marar lafiya ke yin horon nan, ma'aikaci na duban bugun zuciyarshi. Wani bincike da ya fito a 2019 ya samu irin wanga tsari a ƙasashe 111 cikin 203, kuma Afirka ce ta fi ƙarancinshi. Mutumin Lugu ko Bagaji ba zai riƙa zuwa Yamai sau uku a sati ba. Abin farin ciki, an gwada an gani cewa wanda ciwonshi ya lafa, in ya bi tsari a gida bisa shawarar likita, yana samun amfani kusan daidai da mai zuwa asibiti.

Haɗarin yunƙuri

Tun da aka fara kokowar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, ba wanda bai san yadda ɗan kokowa ke cicciɓar abokin karonshi ba: ya cika ƙirji da iska, ya ɗauke numfashi, ya yi yunƙuri, jijiyoyin wuya su tashi. Mu mutanen jahar Doso mun sha tafa ma Issaka Issaka a kan haka. To abin da ke ba ɗan kokowa nasara shi ne babban haɗarin mai ciwon zuciya. Tansiyon mai lafiya wajen 12 bisa 8 yake. A 1985, a garin Hamilton na Kanada, an auna ƙarfafan samari suna tura nauyi mai yawa da ƙafafu, tansiyonsu ya kai 32 bisa 25. Zuciya mai tabo ba ta ɗaukar wannan.

Saboda haka dokar farko ita ce: kada a riƙe numfashi. A fitar da iska lokacin ɗagawa, a shaƙa lokacin saukewa. Dabara mai sauƙi, mutum ya riƙa ƙirga da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku. Mai magana ba ya iya riƙe numfashi.

Wa zai fara, kuma yaushe?

Ba wanda zai fara sai da izinin lokotoron da ya duba shi. Kafin a baro asibiti a tambaye shi: yaushe zan fara tafiya, yaushe zan fara ɗaga abu, kilo nawa? A roƙe shi ya rubuta a takarda don majo na gida ya gani. In asibitin na da ma'aikatan gyaran gaɓoɓi da ake ce ma kine, a nemi su nuna motsin da hannunsu.

Tafiya ce ke zuwa farko. Minti 5 zuwa 10 cikin gida, ana ƙarawa kaɗan kaɗan har a kai minti 30 ba tare da ciwon ƙirji ba. Ga yadda likitoci suka saba tsarawa: wanda zuciyarshi ta buga ya jira aƙalla sati biyar, huɗu daga ciki yana tafiyar nan a kai a kai, sannan ya taɓa nauyi. Wanda aka buɗe ma jijiya da ɗan ƙarfe ba tare da bugu ba, sati biyu zuwa uku. Wanda aka tsaga ma ƙirji kuwa, ƙashin na bukatar wata biyu zuwa uku ya haɗe, kada ya ja ko ya tura abu mai nauyi da hannu kafin nan.

Waɗannan kada su fara sam, sai an sake duba su:

1. Mai jin ciwon ƙirji yana zaune, ko wanda ciwon ke ƙaruwa kwana bayan kwana.
2. Wanda ƙafafunshi suka kumbura, ko ba ya iya kwanciya sai ya tada kai da matasai.
3. Wanda zuciyarshi ke bugawa barkatai, ko yake suma.
4. Wanda tansiyonshi ya wuce 18 bisa 11.
5. Wanda aka ce ƙofar zuciyarshi ta ƙuntata ƙwarai.
6. Mai zazzaɓi ko zawo, har sai ya warke.

Kayan aiki na cikin gida

Ba sai an sayi kome ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Gorar roba ta rabin lita, ta lita ɗaya, ta lita ɗaya da rabi, ga ma'auni ya samu. Tiyar hatsi cikin ɗan buhu wajen kilo biyu da rabi ce. Robar cikin taya da ake ɗaure kaya bisa babur ita ma kayan horo ce. Ga motsi bakwai:

1. Tashi da zama. A zauna bisa benci ko kujera mai tsawo, a tashi tsaye, a koma a hankali. Da farko a dafa gwiwa. Shi ne uban sauran, don shi ke maido da cinya.
2. Tura bango. A tsaya taki ɗaya daga bango, a dafa shi da tafuka biyu, a kai ƙirji kusa, a tura a komo.
3. Naɗe hannu. Gora a kowane hannu, a kawo ta wajen kafaɗa, a sauke.
4. Buɗe hannuwa gefe da gora, iyakar tsawon kafaɗa. Kada a wuce kai.
5. Jan roba. A ɗaura ta ga ginshiƙin rumfa mai ƙwari, a jawo ta wajen ciki, a sake ta sannu.
6. Ɗage. A dafa bango, a tashi bisa yatsun ƙafa, a sauko.
7. Hawa dakali. A taka dakali gajere ko tubali mai ƙwari, a sauko, a canza ƙafa.

Kafin a fara, a yi tafiyar minti 5 zuwa 10 don jiki ya ɗumama, haka kuma bayan an gama. Kowane motsi sau 10 zuwa 15, a huta minti ɗaya, a shiga na gaba. Zagaye guda ya isa a watan farko. Kwana biyu ko uku a sati, ana tsallake kwana a tsakani, misali Litinin da Alhamis. Kada a damƙe gora kamar za a fasa ta, riƙo mai tsanani ma na hawar da tansiyo.

Yaya za a san nauyin ya yi daidai? In mutum ya gama na 12 yana jin zai iya ƙara uku ko huɗu, kuma yana iya magana da na kusa da shi, ya yi daidai. In fuska ta yamutse tun a na shida, nauyin ya yi yawa, a rage. In 15 ta zama wasa har sau biyu a jere, a ƙara rabin kilo. Sannu ba ta hana zuwa.

A zaɓi sanyin safiya ko bayan la'asar, cikin inuwa, balle lokacin bazara. Kada a yi bayan an cika ciki da tuwo, a jira awa biyu. A sha ruwa. Mai ciwon sukari kada ya yi da yunwa. Kuma kada a yi shi kaɗai a daji, a yi inda wani ke gani.

Alamun tsayawa

A dakata nan take in an ji ɗayan waɗannan: nauyi ko zafi a ƙirji, ciwo mai tafiya hannu ko muƙamuƙi ko baya, jiri, zufa mai sanyi, haki da ya wuce kima, ko zuciya na tsalle. A zauna. In lokotoro ya ba da maganin da ake sawa ƙarƙashin harshe, a sa. In minti biyar sun wuce ciwon bai lafa ba, a nemi mota ko amalanke a tafi likita. Kada marar lafiya ya tafi da ƙafa, kada a tsaya jiƙa saiwa, kada a ce sai gari ya waye. Ga mata da masu ciwon sukari, wani lokaci ba a jin ciwon ƙirjin sosai, sai gajiya mai tsanani da tashin zuciya da haki. Kada a ce gyambon ciki ne a zauna.

To aikin gona fa?

Wani zai ce: mu da muke noma da daka, wane horo ya rage mana? Gaskiya ne aikinmu na gina jiki. Amma aikin gona ba ya da ma'auni. Ba ya tsayawa a na 12, ana yin shi cikin rana, kuma gaggawar damina ba ta barin hutu. Horon gida shi ne tsanin da zai maida mutum gona.

Ayyukan da ke sa yunƙuri a bar ma samari: cicciɓar buhu mai kilo 100, jan guga daga rijiya mai zurfi, tura amalanken da ya kafe cikin rairayi, saran icce, haƙa, da jefa damman hatsi cikin rumbu. Wanda ya samu sauƙi na iya zuba iri bayan mai sungumi, ya tsinki wake, ya duba bisashe, ya tufka igiya. Noma kuwa sai lokotoro ya yarda, a fara da ɗan lokaci da sassafe. Uwargida mai wanga ciwo ta bar bido mai lita 25, ta raba ruwan kashi kashi. Daka ta bar ma 'yan mata ko a kai inji, ta riƙe tankaɗe da tsinta har ƙarfi ya komo.

Maigida, aje girman kai. Damina ɗaya da ka yi kana nuna ma ɗiyanka aiki ta fi musu amfani bisa su yi ta ba tare da kai ba. Ku kuma iyali, ku bar ƙwace mishi buta. Ku raka shi tafiya, ku ƙirga mishi, ku tuna mishi ranar horo.

Horo ba ya maye magani

Wanda ya ji ƙarfi ya komo, kada ya ce ya warke ya aje ƙwayoyinshi. Maganin tansiyo, da na rage maiƙon jini, da na hana jini daskarewa, yawancinsu na shan kullum ne har iyakar rai. Kafin su ƙare a nemi wasu a farmasi, a bar na 'yan talla da rana ta gasa. A bar taba, ta sha da ta baki. A rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa. OMS ta ce kada gishirin mutum ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali guda. A riƙa zuwa likita ana auna tansiyo ko da wata wata, a tafi da takardar asibiti.

Muna roƙon malaman yaƙi da jahilci da duk wanda ya iya karatu ya karanta ma maƙwabtanshi wanga fili, musamman gidan da ke da wanda ya komo daga asibiti. Mai tambaya ya kai ta wurin majo na garinsu, ko ya rubuto mana. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu damina mai albarka. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.